Tambaya da Amsa: Ko Houston Za Ta Ɗauki Kofin Ƙwallon Kwando na Jami'o'in Amurka na 2025?

Ranar Lahadi 16 ga Maris, 2025, kwamitin hukumar NCAA ya fitar da jadawalin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, wadda aka fi sani da March Madness. Yawancin wasiƙun da suka zo wa wannan fili a makon nan a kan Jami'ar Houston suke, wadda ta shigo gasar da nasara 30 da rashin nasara 4. Ga waɗanda muka zaɓo, da amsoshin da muka bayar a wancan makon, kafin a fara gasar.

Daga wani mai karatu a Kano: Assalamu alaikum. Ni ɗan kallon ƙwallon ƙafa ne, kwanan nan na fara bin ƙwallon kwando. Na ji an ce an ba Houston "lamba ɗaya". Me wannan ke nufi, kuma yaya gasar take tafiya?

Wa alaikumus salam, Malam. Jami'o'i 68 ne suka shiga gasar 2025. Bana 31 daga ciki sun samu gurbi kai tsaye saboda sun lashe gasar rukuninsu, sauran 37 kuwa kwamiti mai mutum 12 ne ya zaɓo su. Takwas za su fara karawa a birnin Dayton ranakun 18 da 19 ga Maris, a zubar da huɗu, a rage 64. Sai a raba su shiyya huɗu, kowace shiyya ƙungiya 16, a jera su daga lamba 1 zuwa 16 gwargwadon ƙarfi. Lamba 1 ta kara da lamba 16, lamba 2 da 15, haka har 8 da 9. Daga nan sili-ɗaya-ƙwale ne: babu gida da waje, babu wasa na biyu. Wanda ya ci wasa shida a jere shi ke ɗaukar kofi.

Houston ce lamba 1 a shiyyar Midwest, kuma shekara ta uku ke nan a jere da take samun lamba 1. Sauran ukun su ne Auburn da Duke da Florida. Sau biyu kacal lamba 16 ta taɓa kayar da lamba 1: UMBC ta doke Virginia a 2018, Fairleigh Dickinson ta doke Purdue a 2023.

Ka riƙe ƙa'idoji huɗu, domin za su yi ta fitowa a amsoshin da ke ƙasa. Wasan rabi biyu ne, kowanne minti 20. Ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta yi jifa. Ɗan wasan da ya yi laifi biyar ya fita ke nan, ba shida ba kamar a NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Idan aka tashi kunnen doki, a ƙara minti biyar.

Daga wani ɗalibi a Zariya: A watan Nuwamba na ga Houston ta sha kashi sau uku cikin wasa bakwai na farko, sai na daina bin ta. Yanzu kuma na ji ana cewa tana cikin waɗanda za su iya ɗaukar kofi. Me ya canza?

Ka yi saurin yanke ƙauna, ɗan'uwa. Duba su wa suka ci ta, da kuma yadda suka ci ta. Auburn ta ci 74 da 69. Alabama ta ci 85 da 80 a Las Vegas bayan ƙarin lokaci. San Diego State ta ci 73 da 70, shi ma a ƙarin lokaci. Daga nan Houston ta buga wasa 27 ta ci 26. Wanda ta rasa shi ne na ranar 1 ga Fabrairu, lokacin da Texas Tech ta zo har gida ta yi nasara da 82 da 81, a ƙarin lokaci, ta katse mata jerin nasara 33 a filinta na Fertitta Center. Ka tara duka huɗun, ratar maki 14 ce kawai, kuma Auburn ce kaɗai ta iya doke ta cikin minti 40.

A rukunin Big 12 ta ci 19 cikin 20, har da duk wasanni goma da ta buga a gidajen abokan hamayya. Wanda ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Kansas ranar 25 ga Janairu, a filin Allen Fieldhouse inda baƙo ba ya cika fita da dariya: Houston ta farfaɗo sau biyu daga bakin faɗuwa, ta ci 92 da 86 bayan ƙarin lokaci har biyu. Sannan ta lashe kofin rukunin a Kansas City, ta doke Colorado da BYU, ta ƙare da Arizona 72 da 64. Nasara 13 a jere take da su yanzu.

Abin da ya canza mutum ɗaya ne, Milos Uzan. Shekara da shekaru Jamal Shead ne madugun ƙungiyar, shi ke ɗauko ƙwallo ya raba, shi ke fara matsa wa abokan hamayya tun daga tsakiyar fili. Da ya wuce NBA, koci Kelvin Sampson ya ɗauko Uzan daga Jami'ar Oklahoma. A Nuwamba kana ganin yaron yana ɗari-ɗari: hanya a buɗe amma ya miƙa wa wani, a minti biyun ƙarshe kuma a rasa wanda zai ɗauki nauyin wasan. Shi ya sa wasannin da suka yi kankankan duk suka suɓuce. Daga Janairu ya fara kutsawa cikin da'ira da kansa, yana jifa daga nesa ba tare da shakka ba. A wasan ƙarshe da Arizona maki 25 ya ci.

Wannan ya buɗe wa L.J. Cryer da Emanuel Sharp fili. Cryer, wanda yana cikin 'yan Baylor da suka ɗauki kofin ƙasa a 2021, yana cin maki kusan 15 a wasa, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na jifansa mai maki uku na shiga. Sharp ne aka zaɓa gwarzon gasar Big 12. Ƙungiyar gaba ɗaya tana zura kusan kashi 40 cikin 100 daga bayan layin maki uku mai nisan mita 6.75, tana sahun gaba a duk ƙasar. A shekarun baya an san Houston da tsaro da ƙarfin tuwo, jifa kuwa sai an yi addu'a. Bana masu jifa uku ne a fili lokaci ɗaya, kuma a ganinmu wannan shi ne babban dalilin ɗaukar ta da muhimmanci.

Daga wani mai horar da matasa a Kaduna: Ana yawan yabon tsaron Houston. Don Allah ku warware mini yadda suke yi, ko zan iya koya wa yarana.

Koci, barka da ƙoƙari. Maki kusan 58 ake ci wa Houston a wasa, babu wadda ta fi ta rowa a Amurka bana. Asalin abin yana wurin yadda suke tarbar shinge, wato lokacin da dogon ɗan wasan abokan hamayya ya fito ya tsaya ya tare mai tsaron wanda ke riƙe da ƙwallo. Ƙungiyoyi da yawa suna barin dogonsu ya ja baya ya jira a ƙarƙashin kwando. Houston akasin haka take yi.

Da zarar dogon can ya taso, dogon Houston zai ɗaga murya ya faɗi gefen da shingen zai zo, ya biyo shi a guje. Kafin shingen ya kafu ya riga ya fito sama, ƙirjinsa a gaban mai ƙwallo, hannaye biyu a sama. Mai tsaron farko ya bi ta saman shingen ya manne daga baya. Yanzu mutum biyu ne a kan ɗaya, kuma mai ƙwallo yana ja da baya zuwa tsakiyar fili. A bayansu mutum uku na tsaron huɗu. Wanda ya fi kusa da kwando a ɗaya gefen zai saki mutuminsa na kusurwa ya shigo ya tare dogon da ke gangarowa, na sama da shi kuma ya tsaya tsakanin mutum biyu yana kallon idon mai ƙwallo. Ƙwallo na fita, dogon Houston ya juya ya koma wurin mutuminsa a guje, kowa ya koma nasa. Haka kuma idan aka jefa wa dogo ƙwallo a kusa da kwando: ɗayan dogon zai taso su rufe shi su biyu.

Amfanin a bayyane yake. Mai ƙwallo ba ya ganin fili, dole ya cilla ta sama a hankali, kuma kafin ta sauka masu tsaro sun iso. Ko ba a ƙwace ba, daƙiƙu shida ko bakwai sun tafi daga cikin 30, a ƙarshe a yi jifan dole. Joseph Tugler, wanda aka zaɓa gwarzon mai tsaro na Big 12, tsawonsa mita 2.03 ne kawai, amma idan ya ware hannuwansa sun kusa mita 2.30. Shi ya sa yake iya fita har layin nesa ya dawo ya toshe jifa a ƙarƙashin kwando a hari ɗaya.

Ga inda yake lalacewa, kuma nan za ka fi shan wahala da yara. Idan dogon ya makara da taku ɗaya, mai ƙwallo zai ratsa tsakanin su biyun, shi ke nan biyar na fuskantar uku. Idan hannayensa na ƙasa, za a miƙa ƙwallon kai tsaye ga dogon da ya kafa shingen a wajen layin jifan kyauta. In shi mai iya rabawa ne, huɗu da uku ya samu, kuma kusurwa a buɗe take. Idan ya kai hannu yana son ƙwace, alƙali zai busa laifi a mita tara daga kwando, laifin banza. Shawararmu ita ce kada ka fara da matsin. Fara da atisayen uku na tsaron huɗu: ka tsayar da huɗu a waje suna miƙa ƙwallo, ukun su yi ta juyawa suna kiran sunan wanda suka ɗauka, daƙiƙa 12 zuwa 15 kowane zagaye. Sai sun iya hana jifa a buɗe sau uku a jere ka ƙara matsin mutum biyu. Kuma in ba ka da dogaye aƙalla uku da za su riƙa karɓar juna, kada ka yi shi duk wasa. Huhu ba ya ɗauka. Houston tana juya Tugler da J'Wan Roberts da Ja'Vier Francis ne.

Daga wata mai karatu a Yamai: Auburn ta faɗi wasa biyar, uku ma a cikin huɗun ƙarshe. Houston huɗu ta faɗi. Don me aka sa Auburn a sama da kowa?

Hajiya, kwamitin ba adadin faɗuwa yake ƙirgawa ba, nauyin waɗanda ka kayar yake aunawa. Tun kakar 2018 zuwa 2019 suna amfani da wani ma'auni da ake kira NET, wanda ke raba wasanni aji huɗu. Nasara ta shiga aji na ɗaya idan ka doke ƙungiyar da ke cikin 30 na farko a gidanka, ko cikin 50 a filin da ba na kowa ba, ko cikin 75 a gidanta. Auburn ta fi kowa tara irin waɗannan, domin rukuninta na SEC ya yi ƙarfin da jami'o'insa 14 suka shiga gasar, abin da ba a taɓa gani ba. Ga shi kuma ta doke Houston ido da ido a Nuwamba. Kwamitin na kallon kakar gaba ɗaya, ba makon ƙarshe ba. Houston ta uku ce a jerin, bayan Auburn da Duke, kuma hukuncin ba zalunci ba ne.

Daga wani mai karatu a Kumasi: Muna cikin azumi. Ƙarfe nawa wasannin ke faɗowa a wajenmu?

Allah ya karɓi ibada. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban na gabashin Amurka da awa biyar a yanzu, na Gana da awa huɗu. Ranakun Alhamis da Juma'a, 20 da 21 ga Maris, wasan farko na farawa ne da misalin 5:15 na yamma agogon Najeriya, na ƙarshe kuma ya kan kai har lokacin sahur. Houston za ta fara ranar Alhamis a Wichita. Zagayen 'yan 16 da na 'yan 8 na shiyyarta zai kasance 28 da 30 ga Maris, dab da Sallah. Wasan ƙarshe daren Litinin ne 7 ga Afrilu a can, wato wajen ƙarfe biyun dare, wayewar garin Talata, a Najeriya.

Daga wani tsohon ɗan kallo a Jos: Tun zamanin Hakeem Olajuwon nake jin wannan waƙar. Kullum "bana ce", kullum a dawo hannu rabbana. Me zai hana a maimaita?

Baba, kana da hujja. Kafin gasar 2025, sau shida Houston ta kai zagayen 'yan huɗu, a 1967 da 1968 da 1982 da 1983 da 1984 da 2021, ba ta taɓa ɗaukar kofin ba. Da Olajuwon, ɗan Legas, ta kai wasan ƙarshe sau biyu: a 1983 NC State ta ci 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka shi aka ba kyautar gwarzon gasa, a 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta ci 84 da 75.

Amma faɗuwar shekarun nan ta fi koyar da mu abin da za mu duba. A 2022 Villanova ta fitar da ita 50 da 44, ranar da Houston ta yi jifa 20 daga nesa ɗaya ya shiga. A 2023 Miami ta ci 89 da 75: tana da masu riƙe ƙwallo da yawa, suka riƙa fitar da ita daga matsi da sauri, Nijel Pack shi kaɗai ya zura bakwai daga nesa. A 2024 Shead ya yi targaɗe a idon sawu tun a rabin farko, Duke ta ci 54 da 51, Houston kuma ta zubar da jifan kyauta takwas cikin 17. Cuta uku ke nan: jifa ya ƙi, an warware matsi, ko rauni. Ta farko ce muke ganin an yi wa magani. Sauran biyun suna nan.

Raunin da ke damun mu shi ne na Roberts. Ya yi targaɗe a wasa da Colorado, bai buga da BYU da Arizona ba. An ci wasannin ba shi, amma shi ne wanda ake jefa wa ƙwallo a kusa da kwando idan komai ya tsaya, ya juya ya jefa da hannun hagu. In ba shi da cikakkiyar lafiya, dogaye biyu suka rage, kuma Tugler mutum ne mai saurin tara laifi. Laifi biyu a minti goma na farko ya kan sa koci ya zaunar da ɗan wasa har hutun rabin lokaci. Ƙari a kan haka, daga laifi na bakwai na ƙungiya a rabi ɗaya abokan hamayya na samun jifan kyauta, daga na goma kuma biyu-biyu ne tabbas. Tsaro mai zafi irin na Houston idan ya haɗu da alƙalai masu saurin busa, tun kafin rabi ya yi nisa ake fara ba da maki a ɓagas.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, wato tafiyar hawainiya. Houston na cikin ƙungiyoyin da suka fi jan wasa, hari 60 da 'yan kai take kaiwa a wasa, alhali masu gudu irin Alabama suna haura 70. Idan jifanta ya kuskure kuma ta sake cafke ƙwallon, agogo ya koma daƙiƙa 20, ta sake cinye su. Wannan na gajiyar da abokin hamayya, amma yana rage ratar da za a iya ba shi. A misali, in ka fi mutum da maki 0.15 a kowane hari, a hari 75 ka ba shi ratar 11, a hari 60 kuwa 9. Jifa uku daga nesa sun share ta. Shi ya sa ko da Houston ta fi ƙarfi, sau da yawa za ka tarar saura minti huɗu ratar ba ta wuce biyar ba.

Daga wani mai karatu a Maraɗi: Ku faɗa mana gaskiya ba kwana-kwana. Su wa za ta haɗu da su, kuma ina za ta tsaya?

Wasan farko da SIU Edwardsville ne, wadda wannan ne shigarta na farko a gasar. Ba ma ganin matsala a nan, kuma dama ce ta lallaɓa ƙafar Roberts.

Na biyu ne ke da haɗari fiye da yadda lambobi suka nuna. Wanda ya yi nasara tsakanin Gonzaga da Georgia za ta samu, kuma Gonzaga ba ta yi kama da lamba 8 ba. Gonzaga ta koci Mark Few ta kai zagayen 'yan 16 sau tara a jere, Houston sau biyar, ke nan dole ɗaya ta katse idan suka haɗu. Ryan Nembhard na Gonzaga ya fi kowa a ƙasar miƙa ƙwallon da ake ci, kusan goma a wasa, kuma irinsa ne ke warware matsin mutum biyu. Dogonsu Graham Ike kuma zai nemi ya ɗora wa dogayen Houston laifi. Muna ba Houston nasara, amma da ƙyar.

Daga nan sai Indianapolis, inda za a yi zagayen 'yan 16 da na 'yan 8 na shiyyar. Idan Purdue ta tsallake, za a yi wasan ne kimanin kilomita 100 daga harabarta, filin zai cika da magoya bayanta duk da Houston ce lamba 1. Dogon Purdue Zach Edey ya tafi, amma haɗin Braden Smith da Trey Kaufman-Renn shi ne ainihin abin da muka bayyana wa kocin Kaduna: gajere mai gani, da dogo mai karɓa a tsakiya ya yanke shawara. A ɗaya ɓangaren akwai Tennessee ta Rick Barnes, lamba 2, wadda salonta ya yi kama da na Houston amma ba ta kai ta yawan masu jifa ba, sai Kentucky, lamba 3, mai son gudu. Da za a ba mu zaɓi, Tennessee ta fi wa Houston daɗin haɗuwa.

Hasashenmu shi ne Houston za ta fito daga shiyyar ta kai zagayen 'yan huɗu a San Antonio ranar 5 ga Afrilu, tafiyar awa uku a mota daga gida. A can zakarar shiyyar East ke jiran ta, mai yiwuwa Duke, in ƙafar ɗan wasanta Cooper Flagg ta warke, domin shi ma ya yi targaɗe a gasar rukuninsu. Duke na da Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu mai tsawon mita 2.18, Houston kuwa dogayenta uku duk 2.03 ne. Florida da ke ɗaya gefen, wadda ɗan Najeriya Rueben Chinyelu ke bugawa, ita ma ta fi ta tsawo da yawan 'yan canji. Da waɗannan biyun ba mu sa Houston a gaba ba, amma ba mu ba ta ƙasa da kashi 45 cikin 100 a kowane ɗaya. A tuna kuma kafin gasar 2025 sau ɗaya tak, a 2008, duka masu lamba 1 huɗu suka kai zagayen 'yan huɗu tare. Ranar Alhamis ka duba minti nawa Roberts ya buga, ranar Asabar kuma, a wasa na biyu, ka duba laifi nawa ke kan Tugler kafin hutun rabin lokaci. In Roberts ya haura minti 20 ba ɗingishi, Tugler kuma bai wuce laifi ɗaya ba, hasashenmu na nan yadda yake.